Kiwon Babur, Magana Ga 'Yan Kasuwar Wurno Da Rabah Da Goronyo

 Yau ba farashin gero da dawa munka zo da shi ba. Muna son mu yi magana bisa abin da ke kai geron kasuwa, shi maido mai geron gida, watau babur.

Abin da yas sa munka ɗauko maganar shi ne wanga. Ka ishe ɗan kasuwa ya san kuɗin buhu, ya san na dako, ya san na la'ada, ya san na mai awo, ko naira guda ba ta ɓace mishi. Amma in ka ce, "Alhaji, yaushe rabonka da juyen baƙin mai?" sai shi ɗaga kai sama shina tunani, ƙarshe shi ce yaro ne yas sani. Yaron ko in an tambaye shi sai shi ce tun kafin Salla. To wace Salla, ƙarama ko babba? Mu ga lissafinmu babur jari ne, daidai da buhunan da ke cikin sito. Wanda ba shi barin ƙwari su shiga hatsinai bai kamata shi bar ƙura ta ci injinai ba. Kuma ku sani ɓarnar babur ba ta zuwa kwatsam. Tana yin sallama tun da nisa, sai dai in mai shi bai amsa ba.

Fasali na farko: daga jakki zuwa babur

Iyayenmu da jakkai sunka yi fataucin hatsi, waɗansu da raƙuma. Falke na ƙwarai in ya sauka zango ba shi cin abinci sai ya sauke wa jakki mangala, ya duba bayanai ko akwai miki, ya ba shi ruwa da dusa. Ya san gobe ma jakkin nan ne zai ɗauki kaya. Wanga shi ake ce wa kiwo, kuma shi ne abin da muke roƙo a yi wa babur.

Babura sun fara yawa ga ƙasarmu bayan kuɗin Udoji na 1975, sa'ad da ma'aikata sunka samu ƙarin albashi sunka saye Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'anta a Ota, can ƙasar Yarabawa. Amma zamanin nan babur na malamin makaranta ne da malamin gona da akawu. Sai da baburan ƙasar Sin irin su Jincheng sunka shigo da arha, kana Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya yab biyo baya, sa'an nan babur yaz zama na talaka da ɗan kabu-kabu da mai bin ƙauyuka sayen hatsi. Yau shi ke fito da albasa da tafarnuwa daga fadamar Wurno, shi ke ɗauko shinkafa daga gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, shi ke shiga rairayin ƙasar Rabah inda mota ba ta shiga.

Abu biyu sun ƙara wa maganar nauyi. Na ɗaya, fetur. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma cikin 2024 ta wuce 1,000 wurare da yawa. Darajar naira ma ta faɗi, kuɗin sabon babur da na kayan gyara sunka tashi. Saboda haka babur da ke shan mai fiye da ƙa'ida don datti ko sakaci, ribarka ce shike sha.

Na biyu, hanya. Kun tuna Satumba ta 2021, sa'ad da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal tay yi doka saboda 'yan bindiga. Anka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, anka hana goyon mutum uku, anka hana sayar da fetur cikin jarka, anka taƙaita tafiyar babura da dare. Kun tuna Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar nan, ranar da anka faɗa wa kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 sunka rasu. Allah shi jiƙan su. Ba don tada baƙin ciki munka ambaci wanga ba. Don dai mu ce, can dauri in babur ya mace maka bakin daji da la'asar, hasararka turawa ce da gajiya. Amma tun da hanyoyi sunka ɓaci, akwai wuraren da tsayuwar rabin sa'a da almuru ta fi ƙarfin hasarar kuɗi. Babur mai lafiya shi ke sa a iso gida da sauran rana.

Fasali na biyu: a ƙirga da ranar kasuwa

Littafin da ke zuwa tare da sabon babur da kilomita shike ƙirge. Amma agogon kilomita na yawancin baburanmu ya daɗe da mutuwa, wayar ta tsinke ba a sake ta ba. To mu muna da agogon da ba shi mutuwa, shi ne ranar kasuwa. Mai cin Achida ya san Laraba, mai cin Goronyo ya san Lahadi. A ɗauka mutum shina yin kilomita 50 ga yini, kwana 6 ga mako. Ga mako ya yi 300. Kasuwa huɗu ya yi 1,200. Ka ga an samu ma'auni ke nan. Wanda tafiyatai taf fi haka shi rage kasuwa guda, wanda tashi ba ta kai ba shi ƙara.

Saboda haka mun kasa aikin kashi uku. Akwai na kullum da safe, kafin a tada inji: a duba baƙin mai, a latsa tayoyi, a taka birki, a gwada fitila da oda, a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga da dare. Bai kai lokacin shan kunu ba. Akwai na kowane mako, jajibirin kasuwa: sarƙa, soson iska, sifoku, da notuna. Akwai na kasuwa huɗu: juyen baƙin mai, duban fulogi, da daidaita birki da kuloci. Ranar da anka yi juye a rubuta ta cikin littafin nan da ake rubuta bashi, ko da gawayi ga bangon sito. Abin da anka rubuta ba a gardama a kai.

Fasali na uku: baƙin mai

Injin waɗanga babura ba shi da tankin ruwa irin na mota. Iska ce ke sanyaya shi, sai baƙin mai. Kuma mai guda ne ke yi wa inji da giya da kuloci hidima, dukkansa lita guda ko ƙasa da haka kaɗan. Ku duba wahalar da ke kansa da bazara, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40 cikin Afrilu, ga lodi, ga rairayi, ga giya ta ɗaya da ta biyu. Littafin masu ƙera shina ba da nisa mai tsawo kafin juye, amma shi da kansa ya ce a gaggauta in ana aiki cikin ƙura. Mu cikin ƙura muke kullum. Shawararmu ga babur mai ɗaukar kaya, kada shi wuce kasuwa huɗu ko biyar.

Wajen dubawa, a tsai da babur bisa babbar ƙafa, wuri mai daidai, inji ya huta. A zaro geji a goge, a maida, a sake zarowa. Mai shi tsaya tsakanin layi biyu. Ƙasa da haka hatsari ne, sama da haka ma ba alheri ba ne. A murza shi ga yatsu. In ya yi ruwa-ruwa, ko shina warin fetur, ko ana jin tsakuwa-tsakuwa, ya gama aiki. In ya yi fari awa nono, ruwa ya shiga, kamar yadda ke faruwa in an ƙetare gulbi da damina. A juye nan take, kada a ce sai an kai gida.

Ana juye ne inji na da ɗumi, don datti shi biyo mai shi fita. Akwai 'yar rariya cikin inji mai tare ƙazanta, a ce wa makanike shi fiddo ta shi wanke. Man da yad dace da zafinmu shi ne mai kauri, irin mai lamba 20W-50, kuma in an samu wanda anka rubuta JASO MA ga jikinai, na babur ne. Waɗansu mayukan mota suna da santsin da ke sa kuloci zamewa. A saye na cikin gora mai hatimi, a buɗe gabanka. Na awo cikin kwalba, wanda ba ka san daga inda anka ɗebo shi ba, shina iya zama tsohon mai ne anka tace.

Mai sabon babur shi yi juyen farko da wuri, wajen kilomita 500, don lokacin nan ƙarafa na goga juna suna zubar da gari. Kada shi ɗora mishi buhu biyu cikin kwanakin. Masu tsofaffin injuna masu hayaƙi, irin Suzuki da Yamaha na da, da Jincheng AX100, su nasu injin ƙona mai shike tare da fetur. Suna da ƙaramin tanki na man 2T. Ranar da tankin nan yab bushe, ranar fistin ke kamewa.

Fasali na huɗu: iska da fetur

Inji numfashi shike yi awa mutum, kuma soson iska shi ne rawanin da ke tare mishi ƙura. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, soso na iya toshewa cikin mako guda. In ya toshe iska ba ta isa, sai inji shi riƙa shan fetur da yawa, hayaƙi shi yi baƙi, ƙarfi shi ragu ga hawa. Sai ka ji wani ya ce a cire soson gaba ɗai, babur ya fi gudu. Gaskiya ne shina yin sauƙi na 'yan kwanaki. Amma ƙurar da tash shiga tana gauraya da mai ta zama awa dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da fistin. Bayan 'yan watanni sai shuɗin hayaƙi daga salansa, sai a ce a sauke inji.

In soson na katifa ne, a wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bari shi bushe, a ɗiga baƙin mai kaɗan a mutsuke ko'ina shi samu, a matse ragowar. Man nan shi ke kama ƙura. Kada a wanke da fetur, don gobara. In na takarda ne ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi, in ya yi baƙi a sake. In ya yage ko da kaɗan ne, ya tashi aiki.

Fetur kuma, mun san ba kowane gari ke da gidan mai ba, dole a saye wurin 'yan bumburutu. To a ɗaga kwalbar ga rana a duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa shike kwanciya, ana ganinai. A tace da tsumma mai tsabta wajen zubawa. Ƙarƙashin kafireto akwai 'yar ƙusa, in an sassauta ta ruwa da datti na fita. A yi haka in babur ya fara tari ko shina mutuwa in an ja totur. Da dare a rufe makunnin mai, don kada shi tsiyaye. Da damina kada a bar tanki kusa da wofi kwana da kwanaki, raɓa na taruwa ciki ta kawo tsatsa.

Fasali na biyar: sarƙa da birki da kuloci

Sarƙa ita ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai ga tayar baya. In ta yi sako-sako tana faɗuwa, wani lokaci ta nannaɗe ta tsai da taya cikin gudu. In ta ɗame da yawa tana cin faifan haƙora da boris, kuma tana iya tsinkewa sa'ad da babur yaf faɗa rami da lodi. Ga yawancin baburanmu, in an tura tsakiyarta da yatsa ta ƙasa, ta motsa santimita 2 zuwa 3, kusan faɗin yatsa biyu. A juya taya a gwada wurare da yawa, a yi aiki da inda taf fi ɗamewa. Wajen ja, akwai noti dama da hagu, kuma akwai zane ga ƙarfe kowane gefe. A tsai da su bisa zane guda, in ba haka ba taya ta karkace ta riƙa cin gefe.

Kowane mako a goge sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, sa'an nan a ɗiga mai, a goge wanda yay yi yawa. Mai bisa datti rairayi kaɗai shike tarawa. Murfin sarƙa da yara ke cirewa don ado, a maida shi, shi ne rigarta. In haƙoran faifai sun yi tsini ko sun lanƙwashe awa ƙaya, a sake sarƙa da faifan gaba da na baya tare. Sabuwar sarƙa bisa tsohon faifai ba ta daɗewa. Ɗan makullin da ke haɗa sarƙa kuma, rufaffen kansa shi dubi inda sarƙa ke tafiya.

Duk sa'ad da anka ja sarƙa, a sake daidaita birkin baya, don taya ta matsa. Abin takawar shi sauka santimita 2 zuwa 3 kafin shi kama. Na hannu shi motsa santimita 1 zuwa 2 ga bakinai. In an ƙare notin daidaitawa birki bai kama ba, ko an ji ƙarfe na kuka, takalmin birki ya cinye, a sake. Mun ga da yawa sun saki birkin gaba sun bar shi ba aiki, wai shina kada mutum. Alhali bisa kwalta shi ke ɗaukar mafi yawan tsayuwa. Cikin rairayi ne ake lallaɓa shi. Mai buhu biyu da birkin baya kaɗai, in akuya ta gitta mishi cikin Achida ranar Laraba, sai dai Allah shi kiyaye. In an ƙetare ruwa birki na yin santsi, a yi tafiya sannu ana ɗan taka shi har shi bushe.

Kuloci ma shina son 'yar sarara ga hannu, santimita 1 zuwa 2 ga bakin abin riƙewa. In ba sarara, shina zamewa: inji na kuka, babur ba shi ja, fetur na ƙonewa banza. In ta yi yawa giya na wuyar shiga. A riƙa ɗiga mai ga wayoyin kuloci da birki da totur, kuma wadda anka ga silinta ya fara tsinkewa a sake ta tun gida.

Fasali na shida: taya da lodi

Iskar taya da sanyin safiya ake gwada ta, da geji, ba da bugun sifana ba. Ga yawancin baburanmu gaba 25 ne, baya 28 ga mutum guda, 32 ko 33 in akwai goyo ko kaya. In iska ta yi kaɗan babur na nauyi, shina shan mai, tub na tsinkewa ga kai ko rami shi cije shi. In ta yi yawa taya na cinyewa ga tsakiya, ba ta riƙon ƙasa. Wanda yar rage iska don shi wuce rairayi shi maida ta in ya hau kwalta. Da yamma a juya taya a zare ƙayar aduwa da ta bagaruwa tun ba su kai ga tub ba. Tub mai faci bisa faci na yawon cikin gari ne, ba na hanyar Gandi ba.

Sifoku kuma a bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa. Mai ƙara ras ya ɗame, mai ƙara dum ya saki. Guda in ya tsinke maƙwabtansa ke ɗaukar nauyinai, su ma su bi shi, wili shi karkace. A ɗaga babur a girgiza taya gefe da gefe, in tana motsi boris ya tafi. A bi notunan kariya da na inji da na salansa a ɗaure.

Yanzu sai maganar da ba a so. Abin da masu ƙera waɗanga ƙananan babura sunka yarda a ɗora musu kusan kilo 150 ne, har da mai tuƙi. Buhun gero kusan kilo 100 ne. Ka ga buhu guda da mai shi sun cika ma'auni. Buhu biyu da mai tuƙi sun wuce kilo 250. Mun san da kaka ba mai jin wagga magana, don kowa na son shi kwashe kafin farashi shi motsa. To aƙalla a sani bashi ne ake ci wurin babur, kuma shina karɓar abinai ta sifoku da shokazoba da kuloci da taya. A jawo kaya gaba su zamna bisa wurin zama, kada su rinjaya bayan taya har gaba shi yi sauƙi. A daidaita dama da hagu awa mangala. A duba gindin kariya ko ya fara tsagewa. In hanya ba ta da nisa, sawu biyu ya fi sawu guda arha.

Fasali na bakwai: fulogi da bawul da makanike

Fulogi shi ne shaidar abin da ke cikin inji. In an kwance shi anka ga bakinai ja-ja awa ƙasa, lafiya lau. In baƙi ne mai toka, fetur ya yi yawa, a fara duba soson iska. In fari fat ne, fetur ya yi kaɗan, inji na zafi fiye da kima. In jiƙe shike da baƙin mai, ringi sun tafi. Tazarar bakinai wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. A ɗaura shi da hannu tukuna kafin a sa sifana, don kada haƙoran inji su lalace.

Bawul aikin makanike ne, amma mai babur shi san abu biyu. Na ɗaya, tazarar da ake bari wajen kaurin gashin kai ce, milimita 0.05 ga waɗansu injuna, 0.08 ga waɗansu, kuma akwai siraran ƙarafan awo da ake gwada ta da su. Na biyu, sai inji ya huce sarai ake daidaitawa. Wanda yak kai babur da zafinai tsakar ranar kasuwa yac ce a yi mishi bawul maza-maza, ya sayi aikin banza. A kai da sassafe, ko a bar shi shi kwana. Kuma kada a ce a ɗame har ƙara ta ɓace ɗungum. Bawul mai ɗan kas-kas ya fi mai shiru lafiya, don wanda yaɗ ɗame ba shi rufewa daidai, babur shi yi wuyar tashi, ƙarshe bawul shi ƙone. A sa a duba kamar sau uku ga shekara: shigar kaka, shigar bazara, shigar damina.

Batir mai ruwa a ƙara mishi ruwan batir, ba na rijiya ba, a goge farin garin da ke taruwa ga kawunansa. Fitilar baya da ta birki su yi aiki, don mai mota shi gan ka.

Wajen kayan gyara, araha ba ta ado. Jabu ya yi yawa, kwali guda, suna guda, aiki daban. A tafi da tsohon a gwada da sabon, a duba nauyi da kauri. A riƙe makanike guda wanda yas san babur ɗinka, a tsaya a ga aikin, a karɓi tsohon ƙarfen da anka cire. Makanike na ƙwarai ba shi jin haushin haka. Kuma a biya shi haƙƙinai da daɗin rai, don wanda anka matse ga lada shi ma matsewa shike ga aiki.

Cikin jaka kada a rasa sifana 10 da 12 da 14 da 17, da ta notin taya, da ta fulogi, da filaya da sukudireba, da fulogi guda, da makullin sarƙa, da wayar kuloci, da tub da famfo. Dukkansu ba su kai nauyin kwano biyu na gero ba.

Fasali na takwas: kason babur

Da yawa cikinmu ba mu ke tuƙi ba, yaranmu ne. In maigida ya ce kullum a kawo mishi kaza, bai ware na baƙin mai ba, to yaro ba zai cire daga abincinai ba, daga ran inji zai cire. Kowa yac ci ladan kuturu dole shi yi mishi aski. A ware kason babur tun kafin a ƙirga riba, kamar yadda ake ware na dako da na la'ada. Kowane buhu da yaɗ ɗauko a aje wani abu gefe, cikin gwangwani ko wurin mai adashi. Ranar juye ko ranar sayen taya ba sai an taɓa uwar kuɗi ba. Kuma ku auna: litar baƙin mai ɗaya, da sauke inji a sa fistin da ringi da kwanakin da babur zai yi kwance kasuwa na ci, wanne yaf fi tsada? A koya wa yaro duban safe, a tsaya a ga ya yi. A saya mishi hular kwano, don kai ba shi da kayan gyara.

Ku kuma dillalan babura, mai saye amana ce gare ku. A bari shi tada inji da sanyinai, shi ga hayaƙi, shi ji ƙara, shi duba launin mai. A gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke cikin rasit. Babur maras takarda, ko kyauta anka ba ka, rigima ce ka kai gida.

Iyakar abin da munka tara ke nan. Ba sabon ilmi ba ne, makanikan Wurno da Rabah da Goronyo sun san fiye da haka. Abin da yar rage shi ne a sa mishi rana. Wanda yak karanta shi karanta wa wanda bai iya ba, shi faɗa wa yaronai. Jajibirin kasuwa mai zuwa a fiddo babur inuwa, a kawo kananzir da tsumma, a fara da soson iska. Allah shi ba mu kasuwa mai albarka, shi kai mu lafiya shi maido mu lafiya. Wassalam.